Martani: Dishewar Murya Ba Ta Neman Kafso, Ba Ta Neman Aska

Wani malami ɗan yankinmu, wanda na daɗe ina karanta rubutunsa da girmamawa, ya ɗauko maganar dishewar murya, wadda ke kama mutanen Shagari da Boɗinga da Yabo da zarar hunturu ya kankama. Shawara uku ya bayar. Ta farko, duk wanda muryarsa ta dishe kada ya tsaya jira, ya nufi kemis ya sayi Ampiclox ko amoksisilin ya sha na kwana biyu ko uku, domin a ganinsa ƙwayar cuta ce ta kama maƙogwaro, kuma kafso ne makarinta. Ta biyu, wanda dishewar ke dawo masa kowace shekara, to belinsa ne ya yi tsawo, ya je wanzami ya cire masa ya huta, kamar yadda iyaye da kakanni suka saba. Ta uku, hutar da murya da likitoci ke cewa a yi shawara ce ta mai albashi. Talakan da ke ci da bakinsa ba shi da wannan sarari, don haka ya riƙa magana da raɗa har sauƙi ya samu.

Malam, ba ni da ja a kan niyyarka. Abin da ka gani ni ma na gani: ladan ya tashi kiran asuba murya ta ƙi fita, malamin firamare yana tsaye gaban aji cike da yara sai nuni da hannu yake yi, ɗan kamasho a bakin titin Sakkwato zuwa Jega yana kiran fasinja ba mai jin sa, mai tallan fura ta wuni ba ta sayar da rabin ƙwarya ba. Waɗannan duka muryarsu ce jarinsu, kuma tausayinsu ne ya sa ka ɗauki alƙalami. Sai dai shawarwarin nan uku babu wadda za ta dawo musu da murya, biyu daga cikinsu kuma suna iya cin rai. Mutane suna jin maganarka, shi ya sa na ga shiru ba nawa ba ne.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin wuya. Ɗora yatsa a kan zakaran wuya ka yi magana, za ka ji wani abu yana kaɗawa. A bayan wannan guringuntsi maƙwallato yake, a bakin hanyar da iska ke bi zuwa huhu, kuma a cikinsa akwai tantani biyu masu laushi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan ana numfashi sai su buɗe, idan za a yi magana sai su haɗu, iskar da ke fitowa daga huhu ta kaɗa su. A wuyan namiji baligi suna kaɗawa sama da sau 100 a sakan ɗaya, a wuyan mace kimanin sau 200. Wannan kaɗawa ita ce murya. Harshe da leɓe sarrafa ta kawai suke yi ta zama kalma. Idan tantanin ya kumbura sai ya yi nauyi, gefe da gefe su daina haɗuwa daidai, iska ta riƙa sulalewa ta tsakani. Duk wanda ya taɓa jin kalangun da fatarsa ta sha danshi ya san yadda amo ke mutuwa alhali kalangun bai fashe ba. Dishewa ke nan.

Me ke kumbura shi? Mafi yawan lokaci bairos ne, irin wanda ke kawo mura da atishawa da tari. Daga hanci yake gangarowa, shi ya sa dishewa kan biyo bayan mura da kwana biyu ko uku. Sai wahalar da murya: wa'azi ba lasifika, ihu a filin ƙwallo, gangamin siyasa, karatun dare da ƙarfi. Sai abin da ake shaƙa: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da shiƙa, hayaƙin itace a madafa da na wutar jin ɗumi, hayaƙin taba. Sai ƙwannafi, ruwan ciki mai tsami da ke hawowa da dare ga wanda ya cika ciki ya kwanta nan take. A ƙasarmu hunturu yakan tara mura da ƙura da bushewar iska a wuyan mutum ɗaya lokaci guda. Irin wannan dishewa takan tsananta a kwanaki ukun farko, sannan ta warware da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu.

To, ga maganar kafso. Ampiclox da amoksisilin bakteriya suke kashewa, kuma hanyar da suke bi sananniya ce: suna hana bakteriya gina bangon da ke riƙe da ita, sai ta fashe. Bairos ba shi da wannan bango. Cikin ƙwayoyin jikin mutum yake shiga ya hayayyafa. Kafson zai zagaya jiki ya fita bai samu abin da zai kama ba. Wannan ba ra'ayina ba ne. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani na duniya ta auna ingancinsu, ta duba wannan tambaya a 2015. Ta haɗa gwaji uku da aka yi wa manya 351 masu irin wannan dishewa, inda aka gwada magunguna irin su penisilin da eritromaisin. Da aka auna muryoyin, ba a ga wani bambancin a zo a gani tsakanin wanda ya sha magani da wanda bai sha ba. Wasu da suka sha eritromaisin sun ce sun ji ɗan sauƙi, amma masu nazarin suka ce wannan ɗan sauƙi bai kai ya rinjayi kuɗin maganin da illarsa ba. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ma, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2018, ta hana a riƙa ba mai dishewar murya irin wannan magani haka kawai.

Hujjarka, Malam, ita ce ka ga mutane da yawa sun sha sun warke. Sun warke, gaskiya ne, amma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ba mai zuwa kemis ranar da murya ta fara shaƙewa. Sai rana ta biyu ko ta uku, lokacin da abin ya kai maƙura kuma yake dab da juyawa, sannan mutum ke fitar da kuɗi. Ya sha kafso, kwana biyu murya ta fara buɗewa, sai yabo ya tafi ga kafso. Idan kana son ka tabbatar, ka tambayi waɗanda ba su da kuɗin saye, ko matan ƙauye da ba su fita kemis. Su ma muryarsu tana dawowa, kuma a daidai wannan lokaci.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Wannan magani yana kawo gudawa da ƙuraje, kuma akwai wanda jininsa bai karɓi dangin penisilin ba, kafso ɗaya ya isa ya kumbura masa fuska ya toshe masa numfashi. Sannan ga babbar illar da ba a gani nan take. Kowane jiki yana ɗauke da bakteriya a hanji da hanci da fata. Duk lokacin da aka sha kafso ba dalili, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, su yaɗu a gida da unguwa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel: shan maganin ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayar cuta jure masa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne abin ya fi yi wa ɓarna. Amoksisilin ɗin da kake cewa a sha don dishewa shi ne maganin farko da ma'aikacin lafiya zai ɗauko ranar da nimoniya ta kama yaro. Idan muka ɓarnatar da ƙarfinsa a kan ciwon da ke warkewa da kansa, me za mu ba wannan yaro?

Maganar beli ta fi tayar mini da hankali. Buɗe baki gaban madubi ka haska tocila, za ka ga beli yana reto a ƙarshen hanɗa. Maƙwallato kuwa yana can ƙasa, bayan tushen harshe, inda ido ba ya kai wa. Sai a 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, ya yi dabarar haɗa ƙananan madubai ya ga tantanin muryarsa yana motsi, kuma har yau likita sai da madubi ko siririyar kyamara yake ganin wurin. Beli bai taɓa tantanin murya, bai kai kusa da shi ba. Idan ka gan shi ya yi ja ya kumbura lokacin mura, shi ma ciwon ne ya shafe shi kamar sauran maƙogwaro, ba shi ya kawo shi ba. Kuma ba a halicce shi a banza ba: yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙogwaro da miyau. A ƙasar da bushewar iska ke cikin abubuwan da ke dishe murya, yanke abin da ke jiƙa maƙogwaro ƙarin ciwo ne.

Abin da ke biyo bayan yankan kuwa likitocin manyan asibitocin Arewa sun sha rubuta shi: zubar jinin da ya ƙi tsayawa, ruɓewar wurin, jini ko guntun nama ya faɗa hanyar iska, cutar sarƙe-haƙora, da ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki idan aska ɗaya ta bi mutane da yawa. Wani bincike da aka yi a Yamai aka buga a 1994 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na yaran da aka duba an cire musu beli kafin su cika shekara biyar, kuma zubar jini da ruɓewa su ne manyan abubuwan da suka kwantar da wasunsu a asibiti. Ka tuna yawan masu sikila da masu ƙarancin jini a cikinmu. Garin neman gira ake rasa ido.

Ka ce to me ya sa dishewar ke dawowa kowace shekara? Saboda hunturu yana dawowa kowace shekara, mura tana dawowa, sana'ar mutum kuma ba ta canza ba. Wanda yake tilasta wa muryarsa shekara da shekaru, tantaninsa kan yi kanta, ƙananan ƙulli biyu a inda suke gogar juna. Maganin wannan shi ne gyara yadda ake amfani da murya, wani lokaci da ɗan aiki a asibiti. A cire beli sau nawa ne ma, kantar tana nan inda take.

Ba wanzamai nake zagi ba. Sana'a ce ta gado mai sarauta da mutunci, kuma babu gidan da ke rufe musu ƙofa. A nan Jihar Sakkwato an gwada haɗa kai da su, suna ba iyaye katin zuwa rigakafi idan sun je gidan haihuwa, aka buga sakamakon a 2020, kuma ya nuna jariran da wanzami ya tura sun fi samun allurar farko. Wannan shi ne irin aikin da ya dace da amanar da jama'a suka ba su. Wanzamin da aka kawo wa mai ciwon wuya ya ce a tafi asibiti bai rage komai daga darajarsa ba.

Ka kafa hujja da gado. Kowace al'umma ta gaji magani mai amfani ta gaji mai cutarwa, Turawa ma ba su tsira ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, ciwon maƙogwaro ne ya kama shi a Disamba 1799, likitocinsa suka yi ta tsaga masa jijiya suna zubar da jini, ya mutu ranar 14 ga watan. Zubar da jini shi ne gadonsu a lokacin, da suka auna suka ga ba ya magani sai suka bari. Mu kuwa muna da gadon da ya fi wannan kusa. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. Ɗan Shehu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Abin da waɗannan bayin Allah suka yi ta koyarwa shi ne kada a bi al'ada don an tarar ana yi, a tambayi hujjarta. Wanda ya nemi hujjar cire beli bai fita daga gado ba, cikinsa ya shiga.

Sai shawara ta uku. Raɗa ba hutu ba ce. Mai raɗa, musamman wanda ke son a ji shi daga nesa, yana ɗaure naman wuyansa ya tura iska da ƙarfi ta tsakanin tantanin da ya riga ya kumbura, ya ƙara busar da shi. Ga mutane da yawa wannan ya fi magana a hankali gajiyar da wuya. Idan magana ta zama dole, a matso kusa da mai sauraro, a yi ta ƙasa-ƙasa da muryar da aka saba, a taƙaita. Yawan gyaran murya ma buga tantanin yake yi da juna. Idan ƙaiƙayi ya taso a kurɓi ruwa a haɗiye.

Ka ce talaka ba shi da sararin hutu. Ni kuwa ina ganin talaka ne ba shi da sararin ƙin hutu. Wanda ya lallaɓa muryarsa kwana biyu ko uku yakan dawo aiki sosai cikin mako. Wanda ya matsa mata yakan ja abin ya yi makonni, wani ma jijiya ta fashe masa a tantani ko kanta ta fito, ya zauna da shaƙaƙƙiyar murya shekaru. Wanne ya fi cin aljihu? Kuma hutar da murya ba barin aiki ba ne. Babu masallacin da za a rasa mai kiran salla na kwana uku idan ladan ya nemi a taimaka masa, liman kuma yana da na'ibi. Malamin makaranta ya rubuta a allo, ya sa ɗalibi mai murya ya karanta, ya raba yara rukuni-rukuni, ya buga tebur maimakon tsawa. Garin Shagari ya san darajar malami, domin Alhaji Shehu Shagari kansa da alli ya fara, ya koyar a Sakkwato da Argungu kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979. Bai kamata a ce shugaban makaranta a wannan gari ya kasa sassauta wa malaminsa na kwana uku ba. Ɗan kamasho da mai talla kuwa, ƙaramar lasifikar nan mai caji da ke naɗar murya tana maimaitawa ta riga ta cika kasuwanninmu, kuma sau ɗaya ake sayenta, ba kowane hunturu ba.

Sauran maganin yana cikin gida. A sha ruwa a kai a kai, domin a hunturu ƙishirwa ba ta damun mutum alhali jiki yana bushewa. Ruwan ɗumi da zuma, ko shayin citta mara yaji sosai, yana lallashin maƙogwaro yana rage tari. Wannan gado ne mai kyau, a riƙe shi, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma. Babba na iya yin sirace da ruwan zafi zalla idan yana jin daɗinsa, amma a nisanta yara da tukunyar, ƙuna ta fi dishewa muni. A rufe hanci da baki da rawani ko mayafi ko takunkumi a kan babur da wurin shiƙa. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe, hayaƙinsa yana ƙona maƙogwaro, iskarsa kuma tana kisa. A bar taba da shisha. Mai ƙwannafi ya ci abincin dare da wuri, ya ɗaga kai idan zai kwanta. Idan akwai zazzaɓi ko ciwo, farasitamol ya isa. Alewar mentol sanyi kawai take sawa, ba ta sauke kumburi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018, kada dishewa ta zama ƙofar komawa gare shi.

Yanzu ga abin da rubutunka ya tsallake, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci. Ba kowace dishewa ce ta mura ba. Akwai wadda sallama ce ta babban ciwo, kuma kafso da aska duka suna ɓata lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a kan hanyar asibiti.

Maƙwallaton yaro ƙarami ne, ɗan kumburin da zai dishe muryar babba yana iya toshe wa yaro numfashi. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara uku da ya tashi cikin dare da tari mai kama da haushin kare, yana wata ƙara idan ya ja numfashi, ƙirjinsa yana lotsawa ƙarƙashin haƙarƙari, a rungume shi kada a sa shi kuka, a kai shi asibiti. Sau da yawa magani sha ɗaya na sauke kumburi da ma'aikacin lafiya zai auna da nauyinsa ya wadatar. Yaro ko babban da zazzaɓi mai zafi ya rufe, ya kasa haɗiyar ko miyau har yana dalala, ya ƙi kwanciya sai zama yana miƙa wuya gaba, marufin hanyar iskarsa ne mai yiwuwa ya kumbura. Wannan ko cokali ba a sa masa a baki, balle aska. Mota ake nema a daren.

Sai mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 wannan cuta ta sake ɓarkewa a Nijeriya, Kano ta fi kowace jiha shan wahala, dubbai suka kamu, sama da dubu suka rasu, mafi yawansu yaran da ba su cika rigakafi ba. Farkonta ba ya bambanta da mura: ciwon wuya, ɗan zazzaɓi, dishewar murya. Daga baya sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura, dafin ƙwayar kuma ya taɓa zuciya. A nan ne ake buƙatar maganin kashe bakteriya na gaskiya, cikakke, tare da allurar karya dafi da asibiti kawai ke da ita, a kuma duba sauran 'yan gida. Kafso huɗu daga kemis ba ya karya dafi, jinkiri kawai yake jawowa. Mu a Sakkwato muna da dalilin tsoro na musamman. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na ƙananan yaran jihar nan suka samu allurar Penta sau uku, mafi ƙaranci a duk Nijeriya. An yi ƙoƙari tun daga lokacin, amma yaran da aka tsallake a wancan zamani su ne suka girma suka cika makarantun allo da na boko. Allurar nan, da ake yi a mako 6 da 10 da 14 bayan haihuwa, kyauta ce, kuma tana kare yaro daga mashaƙo da ƙwayar da ta fi kumbura marufin hanyar iska a yara.

Ga manya kuma, ma'aunin shi ne lokaci. Dishewar da ta wuce mako uku ba ta mura ba ce, sai an leƙa an gani. Idan mutum mai shan taba ne, ko yana tofar da jini, ko yana rama, ko haɗiya na yi masa wuya, ko ƙulli ya fito masa a wuya, ko kunne ɗaya na ciwo ba dalili, kada ma ya jira mako ukun. Tarin fuka yana kama maƙwallato, kuma gwajinsa da maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Sankarar maƙwallato da dishewa take fara sallama. Idan an kama ta tana ƙarama, yawanci ana warkewa har murya ta tsira, idan an makara sai a rasa muryar ko ran gaba ɗaya. Mutumin da aka koya wa cewa kafso ne maganin dishewa, idan Ampiclox bai yi ba zai canza wani, ya canza wani, ya je a cire beli, watanni su shuɗe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro inda ake leƙa tantanin murya, kuma titin da ya bi ta Shagari da Boɗinga can ya nufa.

Na yarda da kai cewa kuɗin mota da layin asibiti nauyi ne a kan talaka. Shi ya sa ba na cewa duk mai dishewa ya tafi Sakkwato. Mafi yawansu ba su buƙatar zuwa ko'ina, ba su buƙatar sayen komai. Kuɗin da za a zuba a kafso kowane hunturu a adana shi don ranar da tafiyar ta zama tilas, a fara da asibitin da ke kusa, su tura gaba idan abin ya fi ƙarfinsu.

Roƙona gare ka, Malam, ka sake ɗaukar alƙalamin nan, domin inda maganarka ke kai wa tawa ba ta kai wa. Ka gaya wa masu karatunka cewa dishewar mura hutu da ruwa take so, mako ɗaya zuwa biyu ta wuce. Ka gaya wa masu kemis su daina miƙa kafso ga duk wanda ya shigo da shaƙaƙƙiyar murya, su tambaye shi kwana nawa, su tambayi numfashinsa. Ka gaya wa sarakunan aska cewa ciwon wuya ba na aska ba ne. Ka roƙi limamai su sanar bayan sallar Juma'a, tun kafin hunturu ya shigo, cewa abu huɗu ba a kwana da su a gida: ƙara ko wahala wajen jan numfashi, kasa haɗiyar miyau, fata mai ruwan toka a maƙogwaro tare da kumburin wuya, da dishewar da ta haura mako uku. Ka kuma tunatar da iyaye su duba katin rigakafin 'ya'yansu, wanda bai cika ba a kai shi a cika masa. Idan ka rubuta wannan, ladanin da ɗan kamashon da ka tausaya wa za su amfana, 'ya'yansu ma za su amfana. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu faɗi abin da zai amfani jama'a.